Karan da Baffa Ya Yanka

Na Allah muke, kuma ayarin duka wurinSa ya nufa, sai dai wani ya riga wani sauke kaya. Baffa, ƙanen mahaifina, ya sauke nasa a nan Kalgo da hantsi, bayan an gama yankan shinkafa, a ɗan ɗakin da ke jingine da rumbunmu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, don a duniya dai ban ga hutun da ya yi ba.

Mata sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba. Gidan mutuwa ba ya rasa jama'a muddin an ɗora tukunya. Matar liman ce ta fara shigowa, ta zauna a kan tabarmata mai kyau, ta yi addu'a, sannan ta dube ni ta ce, "Ashe tsohon ga na nan da rai? Ni na aza ya daɗe da tahiya." Wata maƙwabciyarmu kuma, wadda shekara da shekaru Baffa ke ɗaure mata igiyar guga in ta tsinke, ta matso kusa ta rage murya.

"Wanga da yak koya ma ɗiyan mutane yaren Nasara, shina salla kuwa?"

Na shiga ɗakinsa na ɗauko buzun sallarsa na shimfiɗa a gabanta, ta ga inda goshi da gwiwoyi suka cinye gashin har fata ta fito. Ta ce ita fa tambaya kawai ta yi.

Wadda ta fi ƙona mini rai wata tsohuwa ce 'yar Gwandu, da ke zaune wurin ɗanta a bayan kasuwa. Tana shan furata ta ce wa ta kusa da ita, "Shi na mai karan nan, ko?" Sai ta jawo jikanta ta zaunar da shi a cinya, alhali mutumin da take tsoro an riga an rufe shi da ƙasa. Masunta ne kawai suka yi zaman makoki na gaske. Su suka haƙa kabarin, su suka ɗauki makara, kuma maigidana ya ce akwai ƙato guda a cikinsu da ya yi kuka har ya kasa ɗaga hannu a yi addu'a.

Maganar tsohuwar nan ce ta sa na ɗauko tawada. In na yi shiru, kafin a yi arba'in abin da zai rage na Baffa a bakin mutane shi ne "mai kara". To, ni na san karan, ina tsaye aka yanke shi, kuma zan faɗi yadda aka yi.

Su uku kakata ta bari a duniya: Baba shi ne babba, sai Baffa, sai Goggo. An kai Goggo aure yamma, wajen ƙasar Dendi, tun kafin Nasara su zo. Baffa kuwa fataucin gishiri yake yi ta wannan hanya, a gidanta yake sauka. Ana nan Turawa suka raba ƙasa, Ingilishi suka ɗauki nan, Faransa suka ɗauki can, iyaka ta ratsa tsakanin Baba da ƙannensa biyu ba wanda ya yi shawara da su. Baffa mutum ne mai saurin harshe, yana jin Hausa da Fulatanci da Zabarmanci, sai Faransa suka riƙe shi tafinta. Daga baya suka sa shi a lakwal, wato makarantarsu ta ƙananan yara, ya tsaya tsakanin Bature da yaran da ba su san abin da Baturen ke faɗa ba. A can ya koyi aikin da ya zame masa ƙaya.

Ya sha ba ni labarin yadda ya baro can. A lakwal akwai darasin da kowane yaro zai tashi ya faɗi 'yan'uwansa da Faransanci, maza nawa, mata nawa, wane ne babba. Da babban yaƙin Turawa ya tashi aka shiga kamun samari zuwa soja, sai kwamandan garin ya kira shi ya ce, tunda kullum yana tambayar yara, ai ya san gidan da ke da samari biyu da mai uku, gobe ya shiga gaban dogaransu ya nuna. Baffa ya ce to. Gobe ba ta same shi a garin ba. Ya iso garinmu Gwandu da ƙafa, tafin ƙafarsa duk ya tsage, ba shi da komai sai wata riga mai maɓallan tagulla. Ko sallama da Goggo bai samu yi ba, kuma ya san in ya sake taka iyaka ɗaure shi za a yi.

Ina ƙarama a lokacin, haƙorana na gaba sun fita, amma ban manta murnar Baba ba. Ya yanka rago. Ya ba shi ɗakin da ke kusa da zaure. Akushi ɗaya suke ci, Baba yana tura masa tsokar da ta fi kyau yana cewa, "Ci, ƙanena, Nasara sun tsotse ka." Baffa ba ya kiransa sai da Yaya, ba ya zama a kan shimfiɗa in Baba na ƙasa. Ni kuma su biyun Uwata suke ce mini, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini.

Kada a ɗauka waliyyi nake kwatantawa. Baffa yana da taurin kai, yana da baki. Yana tafiya da hannuwa a baya kamar mai duba gonar wani. In ya gama magana sai ya ce "bon", ya tafa cinya, kuma daga nan ko liman ne ba zai ƙara sauraronsa ba. Ya tsani jinkiri, ya tsani a ce "sai an jima" ba a faɗi wane jimawa ba. Mutanen Gwandu kuwa ba su son a dawo musu daga tafiya da wayon da ba su aika a sayo ba.

Abin da ke cin ransa Goggo ce. Yakan ce, "Iyaka ba ta jin Hausa." A bakin iyaka, in ji shi, akan tsare matafiyi a tambaye shi wurin wa za shi, wanda ya amsa da harshensu a bar shi ya wuce, wanda ya tsaya in-ina a kora shi ko a sa shi ɗaukar kaya. Shi ba zai koma ba, Baba ya tsufa da koyon sabon harshe, saura mu. Don haka ya roƙi Baba izni, ya tara mu a gindin tsamiyar bayan gida, in an tashi daga makarantar allo da la'asar. Mu ne 'ya'yan gidan, da na maƙwabta, duk masu wawulo irina.

Sai ka tashi tsaye, ka harɗe hannuwa a ƙirji, ya daka maka tsawa, "Kwambiyan?" wato nawa. Kai kuma ka ce "Je an furer", ina da ɗan'uwa namiji guda, ko "Je de sor", ina da 'yan'uwa mata biyu. In ka yi daidai ya ba ka ƙwayar aya, in ka yi kuskure ya kama kansa da hannu biyu ya ce, "Wayyo ƙanwata, da waɗanga za a zo gaishe ki!" Mu yi ta dariya. Da ya ce kowa ya faɗi sunan wansa, sai muka sunkuyar da kai, don wa zai kama sunan yayansa gatsau a gaban mutane? Ya yi faɗa, ya yi lallashi, a ƙarshe ya haƙura ya bar mu muna faɗin laƙabi.

Wurin da muka kafe shi ne babba da ƙarami. Wa shi ne "giran furer", ƙane "piti furer", mu kuwa sai mu juya su, yaro ya mai da wansa ƙane, wan ya ji labari ya ci zalinsa a hanya. Baffa ya yi kwanaki yana tunani. Ran nan bayan girbi ya zo da damin karan dawa da wuƙa. Ya ce kowa ya kawo 'yan'uwansa. Sai ya tsayar da yaro, ya jingina masa kara daga ƙasa zuwa tsakar kai, ya yanke daidai tsawonsa, ya yi wa karan alama. Kowa ya jera karan gidansu a jikin katanga, dogo gaba, gajere baya, ya riƙa nunawa yana faɗa. Wallahi dabarar ta yi aiki. Kafin a gama sussuka babu wanda ke juya giran da piti.

Ƙanena Auta bai isa karatu ba, bin zanina kawai yake yi. Ni na riƙe shi aka auna. Ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa don a yanka masa dogo, Baffa ya danna masa kai yana dariya ya ce, "Sauka, ɓarawon tsawo." Aka yanka masa nasa, shi ne mafi gajarta a jikin katangar.

Wanda ba ɗan ƙasar nan ba zai ce mene ne a ciki. A wurinmu mutum ɗaya ake aunawa da kara, shi ne mamaci, don masu haƙa su san tsawon ramin. Baffa ya san haka sarai, a nan aka haife shi, sai dai ya daɗe a wurin mutanen da ke auna komai. Inna, mahaifiyata, ta leƙo ta ga karare a jere, ta saki ƙwaryar da ke hannunta.

"Baffan yara, kara fa? Ka manta abin da akan auna da kara?"

"Camfi na, matar Yaya. Mala'ikan mutuwa bai jiran awona."

"Ko camfi na, ɗiyana na. Ka ƙirga su da baki na yi shiru, yanzu kuma awo?"

"Bon," in ji Baffa, ya tafa cinya.

Inna ta kai ƙara wurin Baba. Ina nan a bakin ƙofa, na ji amsarsa da kunnena. Dariya ya yi, ya ce, "Bar shi. Ajali ba ga bakin wuƙa tai yake ba. Wanda yac ce kara na kashewa ya haɗa Allah da wani." Haka ya faɗa, kuma Baba malami ne, a gabansa na koyi rubutun da nake yi yanzu. Ina so a riƙe wannan, don daga baya kowa ya yi kamar ba a taɓa faɗa ba.

Da bazara ƙyanda ta shigo gari. Ta ɗauki yara a unguwarmu, ta ɗauki na unguwannin da ba su taɓa jin sunan Baffa ba, ta ɗauki na Maruda, garin su Inna, inda ba wanda ya yanka wa kowa kara. Ta kama ni na tashi. Ta kama Auta bai tashi ba.

Masu haƙa suka zo ƙofar gida suna jiran awo. Aka ce a nemo kara, kara kuwa ya yi wuya a wannan lokacin, duk an yi darni da shi ko an ƙona. Sai wani yaro cikin 'yan karatunmu, da zuciya ɗaya, don ya taimaka, ya ce ai akwai na Auta a ɗakin Baffa. Ya ruga ya ɗauko. Wani dattijo ya karɓa ya shimfiɗa shi kusa da gawar kafin kowa ya yi tunanin hana shi, ya yi daidai, babu ragi babu ƙari. Baba ya sunkuya ya ɗauki karan, ya daɗe yana kallon alamar da ke jiki, sannan ya miƙa wa Baffa a gaban jama'a.

"Tunda ka riga ka auna, tahi ka haƙa."

Baffa ya karɓa da hannu biyu. Ya bi masu haƙa, shi ya shiga ramin, shi ya fitar da ƙasa har aka gama. Wannan ita ce magana ta ƙarshe da Baba ya yi masa a duniya.

Kafin a yi sadakar uku iyaye sun tattara kararen nan sun ƙone a bayan gari, gindin tsamiya ya koma wurin ɗaure awaki. In Baffa ya biyo lungu sai mata su janye 'ya'yansu. Abin da har yau nake juyawa a raina shi ne Inna. Ita da ta yi gargaɗi, ita da aka binne wa ɗa, ba ta taɓa buɗe baki ta ce shi ne ba. Da Baba ya hana a kai masa akushi, ita ke zuba tuwo a ƙwarya ta rufe da faifai ta ba ni ta ce in bi ta bayan rumbu. Baba kuwa, da ya san littafi, ya ci gaba da wa'azi a zaure cewa camfi shirka ne, mutane suna gyaɗa kai, ƙanensa yana bayan katanga yana ji. Laifi tudu ne. Na san zafin rashin ɗa, ni ma na binne nawa tun daga baya, amma ban ga inda aka ce in zafi ya yi yawa ka nemi wanda ya fi ka rauni ka ɗora masa ba.

Kowace safiya Baffa zai zo ƙofar zaure ya tsuguna ya ce, "Yaya, an tashi lahiya?" Baba ya ci gaba da jan carbi. Haka aka yi har damina ta shiga ta fita. Da aka kai amfanin gona gida, Baffa ya naɗe buzunsa da rigarsa mai maɓallai, ya zo ya yi gaisuwar da ya saba, ya ƙara da cewa za shi Kalgo. Carbi bai tsaya ba.

Shekaru suka wuce, Allah Ya kawo aurena nan Kalgo. Na same shi a bakin gulbi yana gyara wa masunta taru da homa, kayansu na kamun kifi, ana biyansa da kifi, ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Yana ganina ya miƙe ya ce, "Uwata, Yaya na lahiya?" Bai tambayi komai ba kafin wannan. Na roƙi maigidana, Allah Ya saka masa da alheri, ya ba shi ɗakin jikin rumbu.

A nan ya sake koyarwa, ba da son ransa ba. Masunta na bin ruwa har ƙasar da Faransa ke mulki da rani, suna shan wahala a hannun masu tsaron iyaka, suka matsa masa ya koya wa 'ya'yansu. Ya koya musu gaisuwa da ƙirga da yadda za ka ce wurin ɗan'uwanka za ka. Bai ƙara taɓa kara ba, ko na hura wuta ne sai ya ce wani ya iza. Da yatsu yake yi, babban yatsa wa, ƙaramin yatsa ƙane. Ba ya karɓar komai a kan karatun. In an kawo masa kifi don haka sai ya raba wa yaran ya ce su kai gida, wanda ya ga ya fi yunwa ya ba shi babban. Bakin nan nasa dai bai mutu ba. Yaro ya yi kuskure ya ce, "Kai da Faransanci sai a lahira, can ma sai in an yi maka tafinta."

Cikin yaran nan ne ɗaya ya girma ya ƙetare iyaka da bakinsa, ba wanda ya tsare shi, ya nemi gidan Goggo kamar yadda Baffa ya kwatanta masa. Ya dawo ya tsuguna a tsakar gidanmu ya kasa ɗaga kai. Ya ce Goggo ta rasu tun damina biyu da suka wuce, 'ya'yanta sun ce sun taɓa jin tana ambaton Gwandu. Wannan saurayin ne ƙaton da ya yi kuka a maƙabarta ranar da aka binne Baffa. Baffa ya ce wa saurayin, "Amma sun bar ka ka wuce?" Ya ce sun bar shi. Baffa ya ce, "Bon," amma bai tafa cinya ba. Ya aika wa Baba da labari. Baba ya yi sadaka a Gwandu, ya tara dangi har na Dodoru, bai aiko a kira Baffa ba.

Duk Salla Baffa zai zaɓi bandar kifi mafi kyau, ya ɗaure a tabarma, ya ba masu jakai su kai wa Yaya. Duk Salla ta dawo yadda ta tafi, ko igiyar ba a kwance ba. Wata shekara ba ta dawo ba. Baffa ya yi aski, ya sa rigarsa mai maɓallai, ya wuni yana zolayar kowa. Ni ma na yi murna har na dafa shinkafa da mai. Daga baya mai jakin ya faɗa wa maigidana gaskiya, cewa Baba ya ce ya riƙe kifin ladan jakinsa, ya daina wahalar da dabba da kai da komowa. Mun ɓoye masa. Ina jin ya gane, don da Salla ta zagayo ya ɗaura kifin ya kuma ɗaura wani ƙarami daban, ya ce wannan na mai jaki ne, kada ya taɓa na Yaya.

Na je Gwandu na yi magana, ba sau ɗaya ba. Na durƙusa na ce, "Baba, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Ya ce in tashi in shiga wurin uwata. Inna ma ta yi nata har ta koma ga Allah, ba ta ga sun shirya ba.

Wata rana ɗana na biyu yana karatu a gabansa, ya gama lissafa nasa da yatsu, sai ya juya tambayar. "Baffa, kai fa, furer nawa gare ka?" Ina tankaɗe a gefe, na ɗaga kai. Baffa ya dubi babban yatsansa.

"Ni ina da guda. Shi na ban sani ba ko shina da."

Yaron ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne, ni kuwa na tashi na shiga ɗaki.

Ciwon ajalinsa tari ne, ya kama shi da sanyin kaka. Da na ga ya daina karɓar kunu, na sa ƙanen maigidana ya hau jaki ya tafi Gwandu. Baffa ya ce a juya masa shimfiɗa ya fuskanci ƙofa. Duk wanda ya yi sallama sai ya yunƙura. Ɗan aike ya dawo shi kaɗai, na tare shi a zaure, ya ce ya faɗa, Baba ya ce Allah shi sawwaƙe, ya koma kan karatunsa. Ban shiga na faɗa ba, Baffa ya ji kukan jakin, ya ga ba wanda ya shigo. Da hantsin ranar ya kira ni, ya kama hannuna, ya ba ni saƙo zuwa ga wansa. Magana ce gajera. Ba zan rubuta ta a nan ba, don ba ta masu karatu ba ce. Ya sa na maimaita kamar yadda yake sa mu a gindin tsamiya, ya ce na yi daidai, sannan ya yi shahada.

Ranar sadakar uku, rana ta ɗaga, sai aka shigo aka ce mini ga Baba ya iso. Na ce a raina ko bayan rai ne, ai ya zo. A zaure an yi shimfiɗa biyu kamar yadda aka saba, ɗaya ta masu karɓar gaisuwa, wato waɗanda aka yi wa rashi, ɗaya ta masu zuwa yi. Maigidana ya miƙe da sauri ya ba shi wurinsa, don duk duniya ba wanda ya fi shi cancantar zama a nan. Baba ya wuce wurin, ya je cikin baƙi ya zauna tsakanin wani mai sayar da goro da wani masunci. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya ce wa maigidana, "Ya haƙuri? Ashe kun yi rashi. Allah shi ba ku dangana." Maigidana ya ce amin.

Sannan ya aiko a kira ni. Na fito soron ciki na durƙusa. Ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda. Ya yi mini gaisuwa irin wadda ake yi wa matar da baƙonta ya mutu a gidanta, ya ce na yi ƙoƙari, Allah shi ba da lada. Ni ma na amsa masa yadda ake amsa wa mai zuwa gaisuwa. Na ce mun gode da tattaki, Allah Ya mai da shi gida lafiya. Na kawo ruwa ya sha. Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa yana neman takalminsa da ƙafa, sai ya tsaya, bai juyo ba.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Ya hwaɗi wani abu?"

Kaina na ƙasa, gwiwoyina na ƙasa, ban ɗaga murya ba, don ban taɓa ɗaga masa ba. Na ce, "Ya hwaɗi, Baba. Amma ga wansa yab bar saƙon. In kun gamu da shi can Gwandu, ku turo shi."

Ya daɗe a tsaye. Na ji numfashinsa, na ji sandar tana ƙwanƙwasa dokin ƙofa. Shimfiɗar masu karɓar gaisuwa tana nan a zaure, taku kaɗan daga inda yake, maigidana bai koma kanta ba, ya bar masa ita. Baba ya sa takalmi ya fita, aka kama masa jaki ya hau.

Ya Allah, Ka yalwata wa Baffa makwancinsa, Ka haɗa shi da ƙanwarsa da Auta a inda ba a tsare kowa a tambaye shi wurin wa ya zo. Ka ba mahaifina tsawon rai gwargwadon tafiya daga Gwandu zuwa Kalgo sau ɗaya tak. Saƙon yana wurina, kullum da safe ina maimaita shi don kada in ɓata ko kalma guda, kuma ba zan ba baƙo ba.